Fatoman Babana a Ankara

Kwana huɗu muka yi tsakanin Aliero da Ankara ta ƙasar Gana, ina zaune a kan buhunan albasar babana. Gaban tirela na direba ne da wani ɗan kasuwa da ya girme ni, don haka wurina sama, ni da jakata da kwalin takardun shaidata da na naɗe cikin leda biyu. Abin da ya fito da ni shi ne neman jami'ar da zan karanta adabin Turanci. Shekara uku na yi ina koyar da 'yan firamare a Giwa Tazo, na karance duk tsofaffin littattafan da ke kabad ɗin hedimasta, wasu ma ba su da shafin ƙarshe, har na gaji da ƙirƙira musu ƙarshe da kaina.

Baba bai san mene ne adabi ba, bai kuma yi kamar ya sani ba. Da na ce Ankara nake so, sai ya yarda nan take, don yana da mutum a can. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini.

"Ka sauka wurin Alhaji Ɗan Kimba. Abin da yac ce, shi za ka yi. Shekara ashirin da 'yan kai yana amsar kayana, ko albasa guda ba ta taɓa ɓata ba."

Alhaji Ɗan Kimba shi ne fatoman Baba. Fatoma shi ne mai masaukin ɗan kasuwa a garin da ba nasa ba: ya ba ka ɗaki, ya ba ka abinci, ya karɓi kayanka, ya nemo masu saye, ya yi ciniki a madadinka. Kai kuma ba ka saye ba ka sayarwa a bayansa. Wanda ya ƙetare fatomansa, labari zai riga shi isa gida, kuma da wuya wani fatoman ya sake buɗe masa ƙofa. Duk ɗan Aliero ya san wannan tun kafin ya iya ɗaga buhu. Ni ma na sani, don haka ba zan ce a rashin sani na yi abin da na yi ba.

Hanya ba ta da wani abin faɗa sai gajiya. Bayan mun wuce Kamba muka shiga ƙasar da ake Faransanci, sai Turancina ya zama kayan ado. A wani shinge aka sauko da ni, wani mai kaki yana ta zuba mini magana ina kallon bakinsa. Direbanmu, Malam Sani mutumin Maiyama, ya leƙo ta taga yana dariya.

"Malam Turanci, ga 'yan'uwanka nan, yi musu bayani mana!"

Shi da bai taɓa shiga aji ba ya sauko, ya yi musu kalma uku, suka sake mu. Har muka isa Ankara bai daina kirana Malam Turanci ba. Daga kwana na uku ruwan kudu ya fara, muka shiga ƙarƙashin tamfol ni da albasa. Sai da na yi wanka uku kafin mutane su daina juyowa suna kallona a cikin mota.

Gidan Alhaji yana cikin zango, unguwar Hausawa. Dattijo ne siriri, mai magana a hankali, shekarunsa a Gana sun fi nawa a duniya amma bakinsa na Kimba bai canza ba. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Ɗan Alhaji Bello! Kai, kamar an tsaga kara. Wanga gida naka na."

Kuma haka aka yi. Ya ba ni ɗakin da ke kusa da nasa, ba ɗakin baƙi na waje inda direbobi ke kwana ba. Da matarsa Hajiya ta ga ina juya dokunu, tuwon masararsu mai tsami, a kwano ban ci ba, washegari ta aika aka nemo gero ta dama mini fura. Ba ta yi kama da ta gida ba, nonon na gwangwani ne, amma na shanye tas, na kuma ji kewar gida ta taso mini. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ɗauka mugun mutum na sauka wa. Ban taɓa cin abincin wanda ya fi shi karamci ba.

Kwana biyu da zuwana ya ce in sa kayan kirki, za mu je makaranta. Ashe tun kafin in taso ya gama zaɓar mini. Wata jami'a ce mai zaman kanta a tsakiyar birni, bene hawa shida, gabanta duk gilashi, ana ganin girgije a jikinta. Mai makarantar, wanda kowa ke kira Dokta, ɗan wata mata ne wadda ta fi kowa sarin albasa a kasuwar. Rabin kayan da ke bi ta hannun Alhaji ita ke kwashewa.

Dokta ya tarbe mu da lemo mai sanyi. Ya duba takarduna kamar minti ɗaya ya ce sun yi, har ma zai ɗaga ni zuwa aji biyu tunda ina da shaidar malanta. Ya ce adabi suna da shi, komai suna da shi. Alhaji ya juyo ya tambaye ni da Hausa, "Mi ka gani?"

A nan na yi kuskuren. Ban ga komai ba sai ofis da lemo. Amma dattijo ne abokin ubana, ga Dokta a zaune, kuma a gidanmu ba a tambayi yaro ra'ayinsa don a ji ra'ayin ba. Na sunkuyar da kai na ce, "Duk yadda Alhaji ya gani."

Alhaji ya miƙa wa Dokta hannu suka tafa. A kasuwa, in fatoma ya tafa, ciniki ya faɗa, ba a komawa. A mota yana ta murna, ya kira Baba a waya ya ce an gama, yaro ya samu makaranta mai gilashi. Na ji muryar Baba tana sa masa albarka. Ni dai ina kallon titi.

Washegari na koma ni kaɗai, ba don ina zargin komai ba, sai don ɗoki. Ina so in ga ajin da zan zauna. Na hau hawa na uku, na huɗu, ina tambayar sashen Turanci, kowa na nuna mini gaba. A ƙarshe aka kai ni wani ƙaramin ɗaki inda wani mutum mai furfura yake cin gyaɗa a kan tarin takardun jarrabawa. Sunansa Mista Mensa. Shi ne sashen Turancin gaba ɗaya.

Da na faɗa masa abin da na zo karantawa, ya ajiye gyaɗar ya dube ni sosai.

"Adabi? Kai kaɗai ne. Bara ma babu kowa."

"To da wa zan zauna a aji?"

"Da masu koyon talla da rubuta wasiƙar ofis. Takardar shaidarka kuma za a rubuta mata abin da kake so."

Bai faɗa da ɗaci ba, kamar mai ba da labarin yanayi. Na ce ya nuna mini ɗakin karatu. Ya kai ni. Ɗaki ne mai kyau, ga sanyi, ga kujeru masu laushi. Littattafan suna cikin kabad na gilashi a kulle, da yawansu ba a ko cire musu leda ba, kuma duk na lissafin kuɗi ne da kasuwanci. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ta bayan gilashi. Kabad ɗin hedimastanmu na Giwa Tazo, wanda gara ta ci ƙasansa, ya fi wurin nan littafin labari.

Da zan fita, Mista Mensa ya biyo ni har matakala. Ya yago gefen wata takarda ya rubuta sunan wata tsohuwar jami'a da ke bayan gari, da sunan wata malama, da tashar da zan hau mota.

"In an tambaye ka, ban ba ka komai ba," in ji shi. "Ina da 'ya'ya uku."

Sau biyu na ɓata kafin in isa. Motocin haya na can ba sa rubuta inda za su, kwandasta ne ke ihu yana nuni da hannu, ni kuma kunnena bai saba ba. Motar farko ta kai ni bakin teku. Ranar na fara ganin teku, ban kuma ji komai ba sai haushin an ɓata mini safiya. Wata mai sayar da burodi ce ta bar tirenta ta raka ni har tashar da ta dace, ta ƙi karɓar ko sisi.

Tsohuwar jami'ar ba ta da kyan gani. Fentin sashen Turanci ya ɓare, fankar aji tana kuka. Malamar da aka aiko ni wurinta tsohuwa ce gajera mai sanda, ɗalibai na kiranta Madam kawai. Ba ta ba ni lemo ba, ko kujera sai da na daɗe a tsaye. Ta ce tana da aji yanzu, in ina so in zauna a baya in yi shiru.

Ɗalibai kusan arba'in ne, waƙa ɗaya mai layi kaɗan suka riƙe awa biyu. Wata yarinya ta ce wa Madam ba ta yarda da fassararta ba, a gaban kowa. Na jira a kore ta. Sai Madam ta ce, "To gamsar da ni." Suka yi ta yi. Ni a baya gumi ya jiƙa mini riga, don akwai abin da nake so in faɗa kan layi na huɗu, kuma tunda nake ban taɓa zama wurin da wani zai damu da layi na huɗu ba.

Bayan an tashi ta ba ni waƙar da farar takarda ta ce in rubuta shafi ɗaya. Na zage na zuba duk manyan kalmomin da na sani. Ta karanta a tsaye, jan biro na tafiya. Da ta miƙo mini, takardar ta yi ja kamar an yanka kaza a kanta.

"Turancinka na malamin firamare ne, babu kuskure," ta ce. "Amma ka cika shafi ba ka faɗi abin da kai kake gani ba. Tsoron wa kake ji?"

Wallahi na ji haushi. Shekara uku ni ne mai jan biro. Sannan ta ƙara da cewa shaidar malantata ba za ta ɗaga ni ko'ina ba, daga aji ɗaya zan fara tare da yaran da na girma da shekara shida, kuma kwana huɗu ya rage a rufe karɓar fom na baƙi. Ta juya ta tafi da sandarta. Na sayi fom ɗin kafin in bar harabar.

Kwana uku fom yana cikin jakata ina cin tuwon Alhaji. Kullum da safe sai ya tambaye ni ko na yi barci lafiya, ya ce ranar Litinin za mu je a yi rajista wurin Dokta. Ni kuma in ce to. Ban kira Baba ba. Na san abin da zai ce, kuma na san in ya faɗa ba zan iya tsallakewa ba, shi ya sa na hana shi damar faɗa. Wayo ne na yi wa ubana, ba na kuma alfahari da shi. Na san sarai abin da ke kan layi: in na bi Dokta, zan dawo Aliero da takarda mai kyau da kai fanko; in na bi Madam, Alhaji ya tafa hannu a banza a gaban ɗan babbar mai sayensa, kuma Baba ne zai biya, ba ni ba.

Rana ta huɗu na kai fom. Da na dawo na sami Alhaji a zaure bayan la'asar, shi kaɗai, yana jan carbi. Na durƙusa na faɗa masa komai, da littattafan da ke cikin leda, da ajin masu talla. Sunan Mista Mensa kawai na ɓoye.

Ya saurare ni har na gama.

"Ranar da munka tahi, na tambaye ka mi ka gani. Ko ban tambaye ka ba?"

"Ka tambaye ni, Alhaji."

"Mi kac ce?"

Bai jira amsata ba ya ci gaba.

"Da ka ce ba ka gani ba tukuna, da ban miƙa hannu ba. Ni ban san boko ba, ɗana. Na ga gini mai kyau, na ga mutanen da na sani, na ce ɗan Bello ba zai wulaƙanta ba. Yanzu in je in ce wa matar nan mi? In ce baƙona ya tahi ta baya ya yi cinikinsa?"

Na ce ya yi haƙuri. Ya ce babu komai, Allah ya ba da sa'a. Bai ɗaga murya ba, bai kore ni ba. Har na ji daɗi a raina, na ce ashe abin bai kai yadda nake tsoro ba. Da yamma aka kawo mini abinci kamar kullum, sai dai a ɗakin waje aka ajiye, wurin direbobi. Na gane. Na kwana biyu na tattara jakata na koma wani ɗaki da muka haɗa mu huɗu kusa da jami'a. Hajiya ta biyo ni ƙofa da ƙullin gero ta cusa mini a jaka.

Daga baya na kira Baba. Ya riga ya ji. Ya tambaye ni lafiyata, ya tambayi ko ɗakin da na kama yana yoyo, ya kashe waya.

Wata uku ina aji. Madam ta ci gaba da jan biro, amma jan yana raguwa. Na fara ɗaga hannu. Yaran aji suka sa mini suna Baban Aji, na amsa. Na koyi cin dokunu don dole. Na fara tunanin maganar ta wuce.

Sai wata Talata da safe, ina hanyar aji, Malam Sani direba ya kira ni. Babu wasa a muryarsa.

"Murtala, kwananmu biyu a bakin kasuwa da kayan Alhaji Bello. Ba wanda ya zo."

Na hau mota na je. Tirela tana tsaye a rana, ruwan jiya ya jiƙa tamfol, wari ya fara tashi. Sun je gidan Alhaji Ɗan Kimba an ce ya yi tafiya. Wataƙila ya yi tafiyar, ban bincika ba. Sauran fatomomi kowa ya ce wurinsa a cike yake. Matan da ke sari suna wucewa suna kallon motar kamar ba su ga ta ba. Albasa kuwa ba ta jira, musamman a damshin kudu. In ɗaya ta ruɓe a tsakiyar buhu, kafin kwana biyu ta ja maƙwabtanta.

Na tuɓe rigar makaranta muka fara sauke kaya ni da Malam Sani da masu dako biyu. Muka zazzage buhu bayan buhu a ƙasa muna tsince mai kyau. Na tsaya a bakin titi ina kiran masu saye da Turancin da na zo gogewa. Ƙananan 'yan kasuwa suka taru, sun ga wanda ba shi da kowa, suka yi ta taya kayan yadda suka ga dama, ni kuma ina sallamawa. Kwana uku muka yi a haka. Abin da muka zubar a juji ya kusa rabin mota. Noman rani guda ne na Baba, da na ƙannensa biyu da suka haɗa kaya da shi.

Ranar ta uku da hantsi na zauna a kan taya na kira shi. Na faɗa masa yadda aka yi, ban rage komai ba. Sannan na faɗi abin da na shirya.

"Baba, zan je wurin Alhaji in ba shi haƙuri. Zan bar makarantar nan in koma ta Dokta. In na yi haka zai sauko."

Ina jin kukan awaki a bayansa, na san yana ƙofar gida.

"Yau wace rana ta?"

"Alhamis, Baba."

"Ba ku da karatu ranar Alhamis?"

"Muna da shi."

"To mi kake yi kasuwa? Wa ya aike ka? Albasa ta riga ta ruɓe. Kai ma so kake ka ruɓe mini a can? Tashi ka tahi aji."

Ya kashe. Na wanke hannuna a famfon masallaci, warin bai fita ba. Na isa aji an kusa tashi, na zauna a baya, wanda ke kusa da ni ya ɗan matsa.

Na gama karatun, yanzu ina koyarwa a wata sakandare a Jega. Tun daga waccan motar albasar gidanmu ba ta sake ƙetare iyaka ba. Legas take tsayawa, inda ribar ba ta kai ta can ba. Baba bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko da wasa. In sunan Alhaji Ɗan Kimba ya faɗo a hira, har yau cewa yake, "Mutumin kirki na, ba mu taɓa samun irinsa ba." Yana faɗa yana kallon wani wuri, ni kuma ina zaune a gefen tabarma.